Foldar fina-finan yashi mai haɗiye mutum da na saya a Jekadafari: rabi zuma, rabi cika memori

Ga masu tambayata a inbox ko foldar nan da wani mai shagon tura fina-finai a Jekadafari yake ta tallatawa a status ta cancanci kuɗinta, amsar a taƙaice ita ce eh ta cancanta, amma ba don abin da ya rubuta a tallar ba. Shi abin da ya rubuta wai "wuraren da aka yanke a fim, yashi yana haɗiye mutane da ransu, Turawa sun ɓoye". To wannan ɓangaren kam shi ne mafi rauni a cikin kayan gaba ɗaya. Abin da ya biya ni kuɗina shi ne ɓangaren da bai ma damu ya tallata ba, wato gajerun bidiyoyin da ke nuna yadda ake haɗa yashin na ƙarya a wajen ɗaukar fim.

Sunan shagon ba zan faɗa ba tunda akwai ƙorafi a ciki kuma bawan Allah ne mai neman halalinsa. Shago ne irin wanda kowa ya sani, kwamfuta guda biyu, benci a waje, yara sun cika ƙofa kowa da memori a hannu ana jiran layi, ga cajin waya a gefe. Naira 1,500 ya ce, na ce Malam a duba dai, ya ce babban yaya wallahi data kaɗai ta ci fiye da haka, na ba shi ban ja ba. Ya kasa foldar kashi uku, cikakkun fina-finai, sai gutsattsarin da ya kira na yankewa, sai na bayan fage wanda ƙaninsa ya ɗora murya a kai da Hausa yana bayani.

Bari in fara da inda raina ya ɓaci. A cikin abin da ya kira wuraren da aka yanke, mafi yawansu ba a yanke komai ba, wurare ne da suke cikin fim ɗin tun asali shi ne ya gutsuro su ya sa musu suna mai zafi. Wajen da Indiana Jones ya faɗa ramin yashi a fim ɗin 2008 aka miƙa masa maciji ya kama a madadin igiya yana ta gardama shi ba zai taɓa ba, wannan ai duk wanda ya kalli fim ɗin ya gani. Haka na Blazing Saddles na 1974, inda ma'aikatan layin dogo biyu baƙaƙen fata suka nutse da keken dogonsu, shugabannin aikin suka zo suka jefa igiya suka ciro keken suka bar mutanen a ciki, shi ma yana cikin fim ɗinsa daram, kuma barkwanci ne mai ɗaci da aka yi don a nuna yadda ake ɗaukar ran baƙar fata bai kai kayan aiki ba, amma yaron da ya ɗora murya bai gane ba sai ihu yake wai kun ga mugunta an ɓoye.

Guda biyu ne na ga da gaske suna da alaƙa da yankewa kuma abin dariya dukansu babu yashi mai haɗiya a ciki. Na farko na Return of the Jedi ne na 1983, wajen da jaruman ke tafiya cikin guguwar rairayi bayan sun kuɓuta daga hannun wani mugu mai suna Jabba, an ɗauka an cire, sai a faifan Blu-ray na 2011 mutane suka samu ganinsa a hukumance. Guguwa ce, iska ce ke kwasar rairayi tana watsa musu a fuska, ba wanda ƙasa ta haɗiye. Na biyun shi ne ramin gizo-gizo na King Kong na 1933, inda mutane suka faɗo daga kan gungumen itace cikin kwazazzabo wasu manyan ƙwari suka cinye su. Wancan an cire shi tun farko kuma ya ɓata har yau ba a gan shi ba, abin da ke yawo a intanet wanda Peter Jackson ne da mutanensa suka sake ƙirƙira da irin dabarun da, aka saka a faifan DVD a 2005. Mai shagon ya rantse mini asalin ne wani abokinsa ya samo, na ce Malam da abokinka ya samo asalin nan da yanzu ba a Jekadafari yake ba. Ya yi dariya ya ce to shi dai haka aka ba shi.

Kuma mu daina ɗauka duk abin da aka yanke a fim wani sirri ne ake ɓoyewa. Yawanci tsayi ne ya yi yawa, ko wajen yana jan labari baya, ko an gwada wa 'yan kallo an ga sun fara hamma, ko hukumar tacewa ta ce a cire irin yadda muka saba ji a Kano. Lawrence of Arabia da ya fito a 1962 minti 222 ne, ba a jima ba aka rage kusan minti 20 don gidajen sinima su samu su riƙa nunawa da yawa a rana, daga baya aka ƙara ragewa, sai a 1989 aka bi aka tattaro aka mayar da mafi yawan abin da aka cire. Su kansu masu tura mana fim a shaguna ai yankewa suke yi kullum, wani don fayil ya yi ƙarami wani don ya cire wajen da bai dace yara su gani ba, ba mai kiran wannan sirri.

Tunda na ambaci Lawrence, a nan zan yaba masa. Ya sa dogon ne, wanda ya haura awa uku da rabi, hoton kuma garau. Wajen da yaron nan Daud ya nutse a hamadar Sinai suna hanyar kai labarin cin garin Aqaba zuwa Alƙahira, har yanzu yana taɓa zuciya duk da shekarun fim ɗin sun haura sittin. Babu wani kiɗan tashin hankali mai yawa, iska ce kawai da ƙura da yaro yana kiran sunan Lawrence, ɗan uwan tafiyarsa Farraj yana son ya ruga ana riƙe shi, ƙasa tana cin yaron a hankali har kansa ya shige. Matata da ta zo wucewa da tire a hannu tsayawa ta yi har aka gama, sannan ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya rubuta wannan labari.

Wancan zamanin dama shi ne kakar abin. Wani ɗan jarida Daniel Engber ya zauna ya yi lissafi a mujallar Slate a 2010, ya gano a shekarun 1960 kusan kashi 3 cikin 100 na fina-finai, wato kusan ɗaya cikin 35, akwai wajen da wani ke nutsewa a yashi ko laka ko taɓo. Daga nan abin ya yi ta raguwa har ya zama sai jefi-jefi. Shi ya sa duk wanda ya taso da kallon tsofaffin fina-finan daji a gidan maƙwabta ya girma yana zaton wata rana sai ya gamu da wannan bala'i a hanyar gona.

Yanzu ɓangaren da na ce ya biya ni. Ni aikina ɗaukar bidiyon biki da suna ne, wani lokaci 'yan wasan barkwanci na unguwa su kira ni mu yi gajeren abu na TikTok, to ganin yadda manya suke haɗa wannan abu da katako da rami ya buɗe mini ido ba kaɗan ba. Asalin dabarar ba ta da wani wahalar fahimta. Ana haƙa rami ko a gina tanki, a cika da ruwa ko a bar shi fayau, sannan a rufe samansa da wani abu mara nauyi mai kama da ƙasa. Ɗan wasan yana tsaye a kan wani dandamali da ake saukarwa a hankali, ko kuma akwai matakala a ciki shi da kansa yake durƙusawa yana sauka yana ihu kamar ana jan sa. Duk wannan mirgina ido da miƙa hannu da kake gani mutumin ƙafarsa na kan katako.

Abin da ake zubawa a sama kuwa kala-kala ne. Akwai ɓawon wata bishiya da Turawa ke yin marfin toshe kwalba da shi, a niƙa shi a shafa masa launi, shi ba ya nutsewa a ruwa sai ya taru a sama ya yi shimfiɗa, ido ya ga ƙasa ce busasshiya alhali ruwa ne a ƙarƙashi. Da shi aka yi na fim ɗin Krull na 1983 a sutudiyon Pinewood da ke Ingila, kuma a bidiyon za ka ga yadda yake mannewa a gashi da rigar 'yan wasan in sun fito, nan ne ma asirin yake tonuwa ga mai lura, don yashin gaske ba ya yawo a saman ruwa ya dawo ya rufe inda mutum ya shige nan take. Akwai kuma wani ma'adini da ake kira bamikulait, in aka gasa shi sai ya kumbura kamar gugguru, ya zama ba nauyi ga ɗan ƙyalli, masu rainon tsirrai suna amfani da shi. Shi ma an sha amfani da shi a fina-finai. Abin tsoron shi ne wata babbar mahaƙarsa da ke Libby a jihar Montana ta Amurka kayanta a gauraye suke da asbestos mai lalata huhu, sai 1990 aka rufe ta. Wasu kuma garin katako suke haɗawa da laka da ruwa. Yaron mai murya ya ce wai siminti ne, don Allah kar wani ya ji wannan ya je ya gwada, siminti jiƙaƙƙe yana ƙona fata.

Wanda na fi maimaitawa shi ne na The Princess Bride na 1987. Jarumar fim ɗin tana cikin tafiya a daji kawai sai fuu ta ɓace cikin farin yashi, ba wani nutsewa a hankali. Ƙofa ce aka yi a ƙasan dandamalin aka rufe ta da yashi, can ƙasa an shimfiɗa katifu, wani yana riƙe da ƙofar yana jiran lokaci ya sake. A tsarin farko jarumin Cary Elwes da ƙafa zai bi ta yana toshe hanci, shi ya ce wannan ba jarumta a ciki gara ya yi tsalle da ka, aka yi ta jin tsoro don in mai buɗe ƙofar ya makara da daƙiƙa ɗaya wuyansa ne zai karye a kan katako, sai da mai yin wasan haɗari a madadin jarumai ya gwada aka ga ya yiwu sannan aka bar shi ya yi. Na tsayar da bidiyon ina matsar da shi kaɗan-kaɗan, in ka lura sosai za ka ga yashin ya ɗan zube ciki a wajen da kansa zai shiga, sai kuma ya koma ya rufe. Wannan daƙiƙar kaɗai ta ishe ni darasi.

Sai dokin nan Artax na The NeverEnding Story, 1984, wanda aka ɗauka a sutudiyo a Munich ta Jamus. Farin doki yana nutsewa a baƙar laka yaron yana jan linzami yana kuka yana roƙonsa ya motsa. A nan ne na ji haushin mai murya sosai don cewa ya yi dokin ya mutu da gaske, har da salati. Wannan tsohuwar jita-jita ce kuma ba gaskiya ba ce, dokin bai mutu ba. A kan dandamali mai sauka da ƙarfin inji aka tsayar da shi, kuma sai da aka ɗau makonni ana horar da shi ya saba da tsayuwa laka tana hawowa har wuyansa bai firgita ba, duk wanda ya taɓa riƙe doki lokacin hawan sallah ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne, dabbar da ƙarar bindigar gargajiya ma sai an saba mata. Wanda ya ji ciwo a wajen shi ne yaron, Noah Hathaway, da dandamalin ya kama masa ƙafa ya ja shi ƙasa. Na koma na gaya wa mai shagon ya gyara, ya ce ai in an ce bai mutu ba yara ba za su saya ba. Kun ji fa.

Na ƙarshe kuma wanda ya sa ni dariya ni kaɗai cikin dare, Star Wars na 2019, The Rise of Skywalker. Wajen da su Rey suka faɗa wani baƙin yashi a hamada ya haɗiye su, a Wadi Rum ta ƙasar Jodan aka ɗauka, inda aka ɗauki wani sashe na Lawrence shekaru 50 da wani abu kafin nan. Baƙin yashin nan wake ne. Baƙin wake aka zuba a manyan kwantena da aka binne a ƙasa, 'yan wasan su riƙe numfashi su zurma ta cikinsa su fita ta ƙasa. Kamfanin da ke da kuɗin da zai zana duniya sukutum da kwamfuta amma da aka zo wajen nutsewa sai ya koma wa wake. Mu da muke Gombe, da Tudun Hatsi a bayan gida, buhunan wake har sama, a ce har yanzu in 'yan fim ɗinmu za su nuna mutum ya nutse sai dai a yi wani zane a waya mai kama da katun kowa na dariya. Rami ne da katako da buhu kaɗan, ko da yake da tsadar wake ta yanzu furodusa zai ce a tattara a mayar kasuwa bayan an gama. Sai dai gargaɗi, hatsi mai zurfi yana kashewa da gaske, a Amurka manoma suna mutuwa a cikin manyan rumbunan masara in suka zurma, su waɗancan da ƙofar fita a ƙasa da mutane a tsaye suna jira suka yi nasu.

Akwai bidiyo guda a foldar da ba fim ba ne, na bayanin kimiyya, kuma da ni ne mai shagon shi zan sa a farko. Yashin gaske mai kama ƙafa haɗin rairayi ne da yumɓu da ruwa, sau da yawa ruwan gishiri, yana nan kamar busasshe sai an taka ya narke, daga nan rairayin ya koma ya cushe a jikin ƙafa ya riƙe ta gam. Wani masani Daniel Bonn na jami'ar Amsterdam ya ɗebo samfurinsa a Iran wajen Qum, ya yi gwaji ya buga a mujallar Nature a 2005. Abin da ya samu, nauyin wannan haɗin ya ninka na jikin mutum kusan sau biyu, don haka ba yadda za a yi ya haɗiye ka gaba ɗaya, iyakarsa wajen ƙugu. Matsalar fitowa ce, ya lissafa cewa fizgo ƙafa da saurin santimita 1 a daƙiƙa yana buƙatar ƙarfin da zai ɗaga matsakaiciyar mota. Kenan abin da jarumai ke yi a fim na ɗaura igiya a ja da doki shi ne zai iya gurɗe mutum ko ya ɓalla shi. Abin yi shi ne ka kwanta baya ka baje jiki, ka riƙa motsa ƙafa a hankali ruwa yana shiga yana sassauta wajen. Masu mutuwa a irin wannan ba haɗiye su ake ba, maƙalewa suke ruwa ya taso ya same su, ko sanyi ko rana da ƙishi su gama da su. A Morecambe Bay ta Ingila saboda haka ne tun ƙarni na 16 ake naɗa jagora na musamman mai ratsawa da mutane. Mu ma nan masu kiwo a bakin Gongola da wajen Dadin Kowa sun san yadda saniya ke kafewa a taɓo in ruwa ya ja baya, ba ta ɓacewa ciki amma fito da ita sai an taru.

Ta fannin ingancin kaya kuwa, a gauraye yake. Cikakkun fina-finan suna da kyau in ka cire Krull da hotonsa ya dushe sautin kuma yana riga baki. Rabin gutsattsarin duk akwai tambarin tallar caca yana yawo a saman allo, ga sunayen fayil ba tsari, lamba ce kawai sai ka buɗe ka san mene ne ciki. Wasu sun ƙi buɗewa a talabijin ta USB sai a waya da manhajar VLC, da na koma ya juya mini su zuwa MP4 bai karɓi ko sisi ba, wannan kam na yaba. Muryar ƙanin nasa tana da daɗin ji, yana da barkwanci, yaro ne mai baiwa, amma yana danne maganar masu bayanin gaba ɗaya ta yadda ko kana jin Turanci ba za ka iya tantance abin da suka faɗa ba, kuma inda bai gane ba sai ya cike da nasa. Da zai rage muryar asali kawai ya bar ta a ƙasa da an huta.

In kana ɗaukar bidiyo ko kana cikin 'yan dirama, je ka ce ya tura maka ɓangaren bayan fage da Lawrence da The Princess Bride kawai, zai rage maka kuɗi kuma memori mai 8GB ta isa. In yara za ka saya wa, cire na dokin sai sun ɗan girma. Kuma ka je da safe kafin 'yan makaranta su taso, ka sa ya buɗe maka fayil ɗin a gabanka kafin ka bar shagon, don kwamfutarsa ta hagu tana da virus mai mayar da folda shortcut, ka ce a ta dama za a tura maka.